Toka, Ƙura da Danshi: Yadda Ake Kula da Murhun Ƙaiƙayi da Mai Fanka

A Kanya Babba, kamar sauran garuruwan ƙaramar hukumar Babura da ke dab da iyakar Nijar, abin hura wuta lissafi ne mai zaman kansa a cikin cefane. Karan gero da na dawa da ake tarawa bayan kaka masu jiransa suna da yawa: danga na so, rumfa na so, dabbobi na jiran karmami. Itace kullum ƙara nisa yake yi. Jigawa na cikin jihohi 11 da gwamnatin tarayya ta sa a sahun gaba na yaƙi da gurgusowar hamada, har aka kafa hukumar Babbar Ganuwar Bishiyoyi a 2015, saboda haka duk bishiyar da aka sara a wannan yanki asararta ta wuce ta mai gona shi kaɗai. Kananzir ya daɗe da fin ƙarfin talaka. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023 kuwa, duk abin da mota ke ɗaukowa, daga gas har gawayi, ya ƙara kuɗi.

Wannan ne ya sa mutane suka fara waiwayar abin da a da ake zubarwa a juji: ƙaiƙayin shinkafa da ke tuli a bayan injinan casa, ɓawon gyaɗa, totuwar masara, da garin katako na wajen kafintoci. Murahun da ke cin irin wannan makamashi iri-iri ne. Akwai na gwangwani ko na ƙaramar ganga da ake danƙara wa garin katako, wanda ya yi tashe a shekarun 1990 lokacin ƙarancin kananzir, har wasu ke kiransa murhun Abacha. Akwai na ƙaiƙayi da maƙera ke haɗawa da falankin ƙarfe. Akwai mai tsimin itace irin Save80, na ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda ƙungiyar atmosfair ta Jamus ke ƙerawa a Kano. Sai kuma sabon shiga, murhu mai fanka da batir, wanda asalin abincinsa ƙwayoyin makamashi ne da inji ke matsewa daga garin katako ko ragowar amfanin gona, 'yan gajeru masu santsi kamar abincin kifi na buhu.

Abin takaici shi ne yadda irin waɗannan murahu ke ƙarewa a gidaje da yawa. Watan farko ana yabo: ga saurin tafasa, ga tukunya ba baƙi, ido ba ya ruwa. Bayan wata uku ko huɗu sai hayaƙi ya dawo, wuta ta riƙa mutuwa tuwo na kan wuta, uwargida ta ce murhun ya gaji, ta mayar da duwatsunta uku. Murhun da aka biya da kuɗin akuya sai ya koma bayan rumbu kaji na kwana a ciki. A mafi yawan lokuta ƙarfen lafiyarsa lau. Hanyoyin iskarsa ne suka toshe, kuma wanda ya sayar bai tsaya ya nuna inda suke ba.

Inda iska ke bi

Wanda ya gane yadda murhun ke shaƙar iska ya gama rabin aikin kula da shi. Murhu mai fanka, da wasu na ƙaiƙayi, daga sama ake kunna su, wuta na cin makamashin tana gangarawa ƙasa. A gindin kaskon da ake zuba makamashi akwai ƙananan huji ko raga. Iskar da ke shiga ta nan kaɗan ce, aikinta ta sa makamashin ya dahu a hankali ya saki hayaƙi mai kauri. Wannan hayaƙin shi ne ainihin abin da ke ci. A wuyan kaskon, kusa da baki, akwai wani jerin huji zagaye da shi. Ta nan iska ta biyu ke shigowa da zafinta, ta gauraya da hayaƙin, ya kama da wuta. Shi ya sa idan murhun na lafiya ake ganin harshen wuta na fitowa daga hujin kamar na gas, gajere, mai shuɗi-shuɗi a gindinsa.

Ke nan toshewa iri biyu ce, kowacce da alamarta. Idan hujin ƙasa ne suka cika da toka, wutar za ta yi sanyi, ta ƙi gangarawa, a ƙarshe a tarar da makamashi ɗanye a gindi. Idan na sama ne suka liƙe, makamashin zai yi ta sakin hayaƙi ba iskar da za ta ƙone shi, sai harshen wuta ya yi tsawo, ya koma ja ko ruwan ɗorawa, gindin tukunya ya yi baƙi, kunkunniya ta fara taruwa a jinka.

Dabarar ba sabuwa ba ce a duniya. Wani injiniya ɗan ƙasar Filifin, Alexis Belonio, ya ƙera murhun da ke mayar da ƙaiƙayin shinkafa iskar girki, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2008. A Ruwanda, kamfanin Inyenyeri ya riƙa raba wa gidaje murhu mai fanka samfurin Mimi Moto yana sayar musu da ƙwayoyin makamashi. Masu bincike daga wata jami'ar jihar North Carolina ta Amurka sun bi gidajen suna auna hayaƙi, suka wallafa a 2019 cewa tsabtar wutar ta kusa kamo ta gas. Sai dai sun ga lokutan da hayaƙin ke tashi sosai, kuma sun danganta hakan da yadda ake sarrafa murhun. A Turai da Amurka kuwa akwai babban wan wannan murhu, na ɗumama ɗaki, mai rumbun makamashi da wani ƙarfe mai murɗa da ke tura ƙwayoyin cikin wuta kaɗan-kaɗan, da bututun hayaƙi. Duk da na'urorinsa, littafin da ke zuwa da shi kan abu ɗaya yake nanatawa: a kwashe toka, a buɗe huji, a ajiye makamashi a bushe.

Aikin kullum

Da safe, kafin a zuba sabon makamashi, murhun ya huce sarai, lokacin ne na sharewa. A zare kaskon, a kife shi a cikin tsohon kwano ko bokitin ƙarfe, a ɗan bubbuga gefensa da tafin hannu ko guntun itace. Kada a buga shi da ƙasa ko da dutse. Ƙarfen da wuta ta daɗe tana gasawa ba ya jure duka, da zarar bakinsa ya lanƙwashe ba zai ƙara zama daidai a mazauninsa ba, iskar fanka sai ta riƙa zurarewa ta gefe. Daga nan a ɗaga kaskon a duba shi ta hasken rana. Duk hujin da haske bai ratso ba a soka masa tsinken tsintsiya ko siririyar waya. Sannan a leƙa cikin jikin murhun, inda kaskon ke zama, a share tokar da ta zube da busasshen tsumma ko ƙaramin buroshi. Aikin bai kai minti biyar ba.

Yawan tokar da za a tarar ya danganta da abin da aka ƙona, kuma bambancin ba ƙarami ba ne. Ƙwayoyin katako masu daraja ta ɗaya a ma'aunin Turai tokarsu ba ta wuce kashi 0.7 cikin ɗari, wato kilo 10 zai bar abin da bai fi giram 70 ba. Ƙaiƙayin shinkafa kuwa kusan kashi 20 cikin ɗari na nauyinsa toka ne, kilo 10 zai bar kusan kilo 2. Don haka umarnin da aka rubuta don gidan Bature, cewa a kwashe toka bayan kwana biyu ko uku, bai dace da mai girki da buntun shinkafar Haɗeja ko ta Kura ba. Ita sai ta kwashe bayan kowane girki, wani lokaci ma tana cikin girkin. A murhun ƙaiƙayi marar fanka, mai mazurari, akan ɗan taɓa marikin tokar ko a ƙwanƙwasa gefe lokaci-lokaci don ƙonannen ya zube sabon ya gangaro. Idan aka yi da ƙarfi sai wutar ta rufta gaba ɗaya. Idan aka manta sai ta shaƙe. Hannu ne ke koyon wannan, cikin mako guda.

Akwai kuskure ɗaya da ke saurin kashe murhu, shi ne kashe wuta da ruwa. Dalilin hana shi biyu ne. Na farko, ƙarfe mai jan zafi idan ruwan sanyi ya sauka a kansa yakan murɗe, yumɓu kuma ya tsage. Na biyu kowace mace a karkara ta san shi, ko da ba ta taɓa danganta shi da murhu ba: ruwan toka yana da kaifi. Da shi ake maye gurbin kanwa a miya, da shi ake sabulun gargajiya, masu rini a Ƙofar Mata ta Kano ma da toka suke haɗa baba. Jiƙaƙƙiyar toka da ta kwana a gindin murhu tana riƙe danshi a jikin ƙarfe, tana cin fenti da duk wani ɓangare na alminiyam, kuma tokar kara da ta ɓawo na ɗauke da gishirin da ke hanzarta tsatsa. In an gama girki da sauran garwashi, a juye shi cikin tsohuwar tukunyar ƙarfe ko ta ƙasa a rufe da murfi. Rashin iska zai kashe shi, gobe kuma a sami gawayin da za a sa a kurfoti ko dutsen guga.

Miya da ta ɓalle, ko ruwan tuwo da ya yi bori ya zubo, a goge shi da zarar murhun ya huce. Gishirin da ke ciki ba ya barin ko ƙarfen da ake cewa ba ya tsatsa, kuma idan ya bushe a bakin hujin sama yakan zama ɓawo mai tauri. Masu tuyar ƙosai da awara su ne suka fi fama da wannan, domin mai idan ya haɗu da toka yakan zama danƙo. Nasu murhun na bukatar a goge samansa kowace rana da tsumma mai ɗan ɗumi da sabulu kaɗan, a bushe shi nan take.

Dutsen da ke fitowa a gindin kasko

Wani lokaci mai murhu zai kife kasko ya ga toka ta ƙi zubowa, ya sa hannu ya ji wani abu mai tauri, mai ƙyalli, ya manne da raga. Toka ce ta narke ta daskare. Karan hatsi, ɓawon gyaɗa da totuwa suna da sinadarin fotash da yawa, wanda ke sa toka ta narke a zafin da tokar itace ba za ta narke ba. Idan kuma akwai yashi a cikin makamashin, abin ya ƙara muni, domin yashi da fotash a cikin wuta gilashi suke zama. A ƙasa mai rairayi irin ta Babura da Gwiwa, inda ake sussuka da shanya a ƙasa, da wuya a kwaso ɓawo ko ƙaiƙayi ba yashi a ciki.

Maganinsa tun kafin a zuba ne. A sheƙe makamashin ko a tankaɗe shi da rariya mai faɗin ido, yashi da gari su zube. Ko ƙwayoyin inji ne, garin da ke taruwa a gindin buhu kada a juye shi cikin kasko, yana cike gurbin da iska za ta bi. Sannan a rage gudun fanka. Mutane na son su murɗa ta ƙarshe don ruwa ya yi saurin tafasa, alhali iska mai yawa a ƙasa ita ke kai zafin inda toka za ta narke. Da an tafasa a sassauta.

In dutsen ya riga ya kama, a bari sai ya huce, a sa guntun katako ko bayan cokali a ture shi daga gefe a hankali. Wuƙa da kurfi da guduma ba su da wuri a nan. Wanda ya fasa raga ko ya faɗaɗa huji da ƙusa don ya huce haushi ya canza ma'aunin iskar da maƙerin murhun ya auna, kuma ba a mayar da huji baya.

Sau ɗaya a mako, ranar da girki ya yi sauƙi, ya kamata a yi shara mai zurfi: a cire duk abin da ke ciruwa, a bi hujin sama ɗaya bayan ɗaya, a goge kunkunniyar da ke wuyan murhu da ƙafafun da tukunya ke zama a kai. Gindin tukunyar ma a kankare shi, domin baƙin da ya yi kauri yana tare zafi. A duba tazarar da ke tsakanin tukunya da bakin murhu. Idan ƙafafun sun lotsa saboda nauyin babbar tukunyar biki, tukunya za ta danne wutar, hayaƙi ya rasa mafita. A miƙar da su, ko a kai wa mai walda.

Fanka, batir da hunturu

Fankar murhu 'yar ƙarama ce, irin wadda ke cikin kwamfuta, kuma babban abokin gabarta a wannan yanki ƙura ce. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar hunturu ke kwaso hazo daga arewa maso gabas, ƙura na kwanciya a fikafikanta har ta yi nauyi. Alamar farko sauti ne: fankar da ke yin shuu a hankali sai ta fara gurnani ko ƙara mai kaifi, ko a kunna ta tsaya sai an taɓa ta. A kashe ta, a zare batir idan yana zaruwa, a share ragar da ke gabanta da tsohon buroshin haƙori busasshe. Idan ana iya kaiwa ga fikafikan, a riƙe su da yatsa ɗaya a goge da gashin kaza ko ƙaramin buroshi. Famfon keke ma yana fitar da ƙurar da hannu bai kai ba. Ruwa kada ya kusanci wajen, man gyaɗa da baƙin mai ma haka, domin mai ƙura yake kamawa.

Wurin da ake ajiye murhun yayin girki yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Idan aka dasa shi a kan rairayi, fankar za ta yi ta zuƙar yashi tana watsawa cikin kasko. A ɗora shi a kan daɓe, ko faifan ƙarfe, ko bulo biyu, a kuma juya ɓangaren fankar ya ba iska baya. In an gama, ya huce, a rufe shi da buhu ko tsohon zane.

Akwai wata ƙa'ida da masu irin wannan murhu ke yawan karyawa: kashe fanka wuta na ci. Iskar da fanka ke turawa ita ce kuma ke sanyaya jikin murhun da wayoyinsa. Da an kashe ta da garwashi a ciki, zafi sai ya koma baya ya gasa robar fankar da batir, hayaƙi kuma ya turnuƙe. A juye garwashin tukuna, a bar fankar ta ɗan ƙara juyawa, sannan a kashe.

Batirin irin na waya ne, halinsu ɗaya. Ba ya son zafi, saboda haka farantin solar da ke cajinsa ne ke zama a rana, shi batirin a inuwa, musamman a watannin Maris zuwa Mayu da zafin bazara kan haura digiri 40. Ba ya son a bar shi ba caji wata da watanni. Ko an daina amfani da murhun na ɗan lokaci a riƙa sa masa caji jefi-jefi. Farantin solar a goge shi da tsumma mai taushi, a hunturu kusan kullum, domin ƙurar da ta lulluɓe shi tana rage abin da yake tarawa. Wayar caji a kiyaye ta daga ɓera da kuma jan yara. Batirin da ya kumbura ya gama aiki, kuma haɗari ne a kusa da wuta. A cire shi, kada a jefa shi cikin murhu ko jujin da ake ƙonawa. Abin daɗi shi ne masu gyaran waya da rediyo a Babura da Kazaure sun saba da irin waɗannan kaya, fanka da soket da waya ba su fi ƙarfinsu ba, in dai an kai musu tsohon don su ga ƙarfin wutar da aka rubuta a jikinsa.

Damina da ajiyar makamashi

Ƙwayar makamashi ba gam ke riƙe ta ba. Matsi da zafin inji ne ke narkar da wani danƙo da ke cikin itacen kansa ya haɗe ta, kaurinta milimita 6 ko 8, danshinta bai kamata ya wuce kashi 10 cikin ɗari ba. Da ta sha ruwa sai ta kumbura ta wargaje ta koma gari, ba ta kuma komawa yadda take ko an shanya. Mai saye zai iya gwadawa tun a kasuwa: mai kyau tana da ƙyalli, idan aka karya ta tana yin ƙas; wadda ta sha danshi ta dushe, tana murƙushewa tsakanin yatsu. Haka curin gawayi da ake haɗawa da garin gawayi da kokon rogo, shi ma danshi ke lalata shi.

Daga Yuni zuwa Satumba, buhu kada ya taɓa ƙasa ko bango. A ɗora shi a kan katako ko duwatsu, a ɗaure bakinsa, in da hali a sa leda a ciki ko a juye a ganga mai murfi. Ƙaiƙayi da garin katako a riƙa baza na gobe a rana yau. Jiƙaƙƙen makamashi ba hayaƙi kaɗai yake jawowa ba; yana barin wani baƙin danƙo mai wari a wuyan murhu, wanda shi ne ke liƙe hujin sama fiye da toka. Idan ya taru, a kunna murhun da busasshen makamashi a bar shi ya ci sosai ba tukunya na ɗan lokaci, danƙon zai ƙone ya zama ɓawo, in ya huce a goge.

Abin da ake kunna wutar da shi ma abin dubawa ne. Al'adar sa leda, ko robar ruwan sha, ko guntun tsohon silifa don wuta ta kama da wuri ta zama ruwan dare, kuma ita ce mafi sharri ga wannan murhu da ma ƙirjin mai girki. Roba na narkewa ta gangara ta toshe raga, hayaƙinta guba ne. 'Yan siraran ƙirare, busasshiyar ciyawa ko totuwa a saman makamashin sun isa. Mai sayen garin katako daga kafintoci ko daga kasuwa irin ta 'Yan Katako da ke Na'ibawa a Kano ya nemi na tsantsar katako, ya guji na falawud da allunan da aka haɗa da gam ko aka yi wa fenti.

Murhun garin katako na gwangwani kulawarsa ba yawa, amma yana da nasa sharaɗi. Ana tsayar da sanda ko kwalba a tsakiya, a sa wata a kwance ta ƙofar ƙasa, a danƙara gari kewaye da su, sannan a zare su a hankali su bar hanyar iska. Idan garin ya cika bushewa ko ba a danna shi sosai ba, ramin zai rufta girki bai yi nisa ba. Gindin gwangwanin ne ke fara cinyewa. Shimfiɗa masa yumɓu mai kaurin yatsa biyu yana ƙara masa kwana sosai. Shi kuwa Save80 da ire-irensa ƙananan ƙirare suke so, masu kaurin yatsa. Cusa musu gungume ta ƙofa yana toshe iska, yana kuma buɗa bakin. Duk murhun da cikinsa yumɓu ne, ƙananan tsaga ba abin damuwa ba ne, amma wadda tsinke ke shiga a cike ta da yumɓu da aka kwaɓa da tokar ƙaiƙayi, a bar shi ya bushe a inuwa kwana biyu ko uku kafin a kunna ƙaramar wuta.

Abin da ba a gani

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 237,000. Murhu mai tsabtar wuta yana rage wannan, amma sai yana cikin hayyacinsa. Akwai kuma wani haɗari da ya fi tsanani a daidai lokacin da murhun ya fi kama da marar laifi. Bayan harshen wuta ya mutu, garwashin da ya rage yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. A daren hunturu, idan sanyi ya sauko, zuciya kan raya wa mutum ya shigar da murhun ɗaki a rufe ƙofa, musamman inda akwai mai jego ko tsoho. Kada a yi. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala da suka kama mutanen ɗaki a lokaci guda alamarta ce. A buɗe ƙofa da taga, a fitar da kowa waje, a garzaya asibiti. Girki a yi shi a tsakar gida, ko ƙarƙashin rumfa, ko a madafin da iska ke shiga ta fita.

Toka ma tana ɓoye wuta. Garwashi na iya kwana a cikinta da ransa, tokar ƙaiƙayi kuwa tana riƙe zafi sosai. Zuba ta a jikin danga ko kusa da tarin kara a watannin iska ya isa ya tayar da gobara. A bar ta a cikin bokitin ƙarfe mai murfi aƙalla kwana ɗaya. Bayan nan tana da amfani: ƙonannen ƙaiƙayi yana taimaka wa ƙasa mai rairayi ta riƙe ruwa, tokar itace da ta kara na ba gona fotash, tsofaffi kuma sun daɗe suna gauraya wake da tankaɗaɗɗiyar toka don hana ƙwari. Sai dai kada a haɗa toka da takin yuriya wuri ɗaya, ƙarfin takin zai tsere cikin iska.

Kaskon wuta shi ne ɓangaren da kan fara mutuwa a murhu, ko an kula da shi, domin shi ke shan zafin. Alamomin sun bayyana: ƙarfe na ɓarewa falle-falle, raga ta lotsa, huji biyu sun haɗe sun zama ɗaya, ko jikin murhun na waje ya fara zafin da a da ba ya yi. Tun a wajen saye ya kamata a tambayi mai sayarwa ko ana samun kaskon shi kaɗai, da nawa, da kuma a ina. Idan maƙeri ko mai walda ne zai ƙera sabo, a kai masa tsohon tun bai gama wargajewa ba, a tsaya a kansa ya kwaikwayi tsawo da faɗi, da yawan huji, da girmansu, da tazarar da ke tsakanin na sama da na ƙasa. Falankin ya fi na langa-langa kauri, kuma kada ya zama mai rufin tutiya irin kwanon rufi, domin tutiya na fitar da hayaƙi mai cutarwa idan ta sha wuta. Ranar da aka karɓo, a fara kunna shi a fili ba tukunya a kai, fenti da man jikinsa su ƙone, a kuma duba ko harshen wuta na fitowa daga kowane huji na sama kafin a ɗora abinci.